Tsuntsaye Da Lissafin Hatsi: Inda Riba Take Da Inda Hasara Take A Yankin Gidan Kwano

MINNA: Matafiyin da ya bar Minna ya kama hanyar Bida, kafin ya yi nisa zai iske garin Gidan Kwano a Ƙaramar Hukumar Bosso, inda babban mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya yake, wadda aka kafa a shekarar 1983. Zaman jami'ar a wurin ya tara dubban ɗalibai da ma'aikata, kuma duk inda jama'a suka taru haka, kasuwar ƙwai da naman kaji takan biyo su. Masu shayi da masu sayar da abinci a bakin hanya su ne manyan masu sayen ƙwai a kullum.

Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da ma'aikata masu shirin ajiye aiki suke sha'awar zuba jari a kiwon tsuntsaye a yankin. Sai dai akwai abu ɗaya da ya kamata mai jari ya gane tun kafin ya sayi ɗan tsako ko guda, wato cewa harkar tsuntsu harkar hatsi ce. Kazar da ke cikin keji hatsi take ci, tsuntsun dajin da ke sauka a fadama shi ma hatsin yake nema. Saboda haka farashin masara da shinkafa ne ke yanke hukuncin wanda zai ci riba da wanda zai karye.

Lissafin Kajin Gidan Gona

A kiwon kaji na zamani, abinci kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa, kuma kusan rabin abincin masara ce, sauran kuwa ƙuli-ƙulin waken suya ne ko na gyaɗa, da dusa da wasu sinadarai.

Alal misali, kaza mai ƙwai takan ci kimanin giram 120 a rana. Ke nan mai kaji 1,000 yana bukatar kilo 120, kusan buhu 5 mai nauyin kilo 25, kowace safiya. Idan kaji 80 cikin kowane 100 suka yi ƙwai, zai kwashi ƙwai 800, wato kusan kireti 27 mai cin ƙwai 30. In aka raba, za a ga kowane kireti ya ci abinci kilo huɗu da rabi. Mai gona yana iya auna kansa da wannan ma'auni a kowane mako: muddin kuɗin kireti ɗaya bai zarce kuɗin abinci kilo huɗu da rabi da rata mai kauri ba, to babu abin da zai rage na magani da ma'aikata da sufuri. Ban da haka, kazar ba ta fara ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20, kuma duk tsawon wannan lokaci ci kawai take yi.

Manufofin gwamnati sun sha girgiza wannan lissafi. A watan Yuli na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya daina sayar wa masu shigo da masara kuɗin waje. A farkon 2023, ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira ya sa ƙwai ya yi kwantai a gonaki da dama. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar ya ɗaga kuɗin dakon abinci da na ƙwai, har ta kai a watan Yuli na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar janye harajin shigo da masara da wasu nau'o'in hatsi na tsawon kwana 150.

Akwai kuma wani hatsari da ya keɓanta da garuruwan jami'a irin Gidan Kwano. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai suna iya komawa gida, amma kaza ba ta san hutu ba, za ta ci gaba da ci da yin ƙwai. Don haka mai hankali ba ya dogara da kasuwar ƙofar jami'a kaɗai, yakan ƙulla ciniki da dillalan Kasuwar Kure a Minna, da na Suleja da Abuja.

Zabi Da Tattabaru A Tsakar Gida

Ga mai ƙaramin jari, tsuntsayen da ke neman abincinsu da kansu sun fi sauƙin riƙewa. Zabo yana wuni a jeji yana tsintar ƙwari da 'ya'yan ciyawa, hatsin da ake watsa masa da maraice kaɗan ne. Zabuwa takan yi ƙwai ne da damina, kuma daminar Minna tana da tsawo, daga Afrilu zuwa Oktoba. Ƙwanta yana da ɓawo mai kauri, shi ya sa yake jure tafiya, yake kuma daɗewa bai lalace ba, abin da ya sa ake tallarsa dafaffe da yaji a tashoshin mota.

Matsalar zabo biyu ce. Ta farko, zabuwa ba ta cika haƙurin kwanci ba, don haka masu kiwo sukan sa wa kazar gida ƙwan ta kwanta a kai na kwana 26 zuwa 28, maimakon kwana 21 na ƙwan kaza. Ta biyu, 'yan tsakin zabo suna mutuwa da yawa a makonni 8 na farko saboda sanyi da raɓa. Wanda ya tanadi ɗaki mai ɗumi ya killace su har su wuce wannan mataki, shi ne zai sami abin kai wa kasuwa lokacin Salla da Kirsimati, sa'ad da farashi ke tashi.

Tattabara kuwa ƙwai 2 take yi, ta ƙyanƙyashe cikin kimanin kwana 18, 'ya'yan su isa yanka bayan mako 4. Kiwonta ba ya bukatar fili, kuma samari da yawa a Arewa da ita suka fara koyon saye da sayarwa. Tsakanin kazar gida, wadda ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, da kazar turawa mai tsadar ci, akwai irin su Shika Brown, wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya ta samar domin ta dace da yanayin ƙasar nan.

Cututtuka

Ko wane iri mutum ya zaɓa, cuta tana iya share jarinsa cikin mako guda. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, kuma diyyar da gwamnati ta fara sanarwa ita ce naira 250 kan kowace kaza. Cutar ta sake dawowa a 2015 da 2021. Ita kuwa cutar da masana ke kira Newcastle, kusan duk hunturu sai ta ratsa kajin karkara, alhali kuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom tana yin rigakafinta. Hanyoyin kariya sanannu ne: a keɓe sabon tsuntsu na tsawon mako 2 kafin a haɗa shi da na gida, a hana dillalai shiga ɗakin kaji, a kuma raba kajin keji da agwagi da tsuntsayen daji.

Masu Ci A Fadama

Idan aka ci gaba da bin hanyar nan zuwa Bida, za a shiga ƙasar shinkafa, inda Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa take a Badeggi. A nan tsuntsu abokin gaba ne. Tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa a kan itatuwa suna sauka kan shinkafa tun daga lokacin da ƙwaya ke madara har zuwa yanka, wato wajen wata guda. Manomi ya ɗauki masu kora da gwangwani da majajjawa daga asuba zuwa faɗuwar rana, ko ya sayi raga ya lulluɓe gona, kuma kowanne kuɗi ne da ke hawa kan farashin buhu.

Mafi ɓarna shi ne jan-baki, wanda ya fi addabar jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Jigawa da Yobe da Borno. Nauyinsa bai wuce giram 20 ba, amma masana sun ƙiyasta cewa garke mai tsuntsaye miliyan 2 yana iya cinye tan 20 na hatsi a rana. Gwamnatoci sukan yi hayar jiragen sama su yi feshi a makwancinsa, sai dai gubar takan kashe wasu tsuntsaye masu amfani. Kowace ɓarna da jan-baki ya yi wa gero da dawa da shinkafa a can Arewa tana ƙara wa masara daraja a kasuwa, daga nan ta faɗo kan mai kaji a Gidan Kwano.

Abin Lura Ga Mai Jari

Masu kiwon da suka daɗe a harkar sukan sayi masara da waken suya da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, su adana domin tsakiyar damina, lokacin da hatsi ke tsada. Wasu sukan noma wani kaso na masarar da kansu, tunda Jihar Neja ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya. Kashin kaji ma haja ce, domin masu lambu da masu noman masara suna sayensa buhu-buhu a madadin takin zamani.

Saboda haka, duk mai niyyar shiga wannan sana'a ya fara da lissafin rumbu kafin lissafin keji. Ya san buhu nawa kajinsa za su ci daga ranar da ya kawo su zuwa ranar da za su fara mayar masa da kuɗi, ya kuma tabbatar yana da wannan hatsi, ko kuɗin sayensa, a hannu.