Ɗan baya mara gudu: laifin ƙafarsa ne ko na tsarin wasa?

Ranar da aka lallasa mu da ci 3-0 a gasar makarantu, tun ban bar fili ba mutum huɗu suka same ni da magana ɗaya: "Ticha, ka cire Tifa." Tifa laƙabi ne da yara suka sa wa ɗan wasan bayanmu, wai gudunsa irin na tifar da ta ɗauko yashi ne tana hawan tudu. Shekarunsa 15, ya fi kowa tsawo a ƙungiyar, ƙwallon sama ba ta wuce kansa, kuma shi kaɗai ne ke buɗe baki ya shirya 'yan uwansa a fili. Amma in aka zo tsere, ko golanmu ya fi shi. Biyu daga cikin ƙwallayen nan uku, dogon bugu aka yi ta samansa, yaro ya zura da gudu, shi kuma yana biye yana haki.

Lissafi nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a zangon Kumasi. Horar da 'yan ƙwallo kuwa ɗora mini aka yi, don ni ne ƙarami a cikin malamai, kuma na ɗan taɓa bugawa a kwalejin horar da malamai. Da maganar ƙwallo ce kawai, da na ajiye yaron a benci an wuce wurin. To amma ni ke riƙe da rajistar ajinsu. Kafin ya shiga ƙungiyar, da wuya ya cika kwana uku a makaranta cikin mako, sauran ranakun yana gareji wajen kawunsa. Tun da na kafa dokar cewa wanda bai zo aji ba ba zai taka fili ba, bai sake fashi ba. Ga jarrabawar BECE tana tafe. Kwana biyu bayan wasan, mahaifiyarsa ta tare ni a bakin layi ta ce, "Malam, lafiya kuwa? Yaron nan ya ce shi ya gama da ƙwallo." Na san in ya gama da ƙwallo, aji ma ya gama da shi.

Shi ya sa na zauna na yi wa tambayar kallon tsanaki. Hanya biyu ake tsare gida. Akwai mutum-da-mutum, inda koci zai ce maka ga lamba 9 can, duk inda ya nufa ka bi shi. A nan kam babu gardama, wanda ya fi ka gudu ya gama da kai, don shi ke zaɓen inda za a yi tseren. Sai kuma tsaron yanki, inda kowa ke da nasa gurbi, 'yan baya huɗu suna tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya, idonsu na kan ƙwallo da tazarar da ke tsakaninsu. Wanda ya shigo yankinka naka ne, in ya fita ka miƙa shi ga na kusa da kai. Masu hira a majalisar mai shayi suna cewa a wannan tsarin gudu ba ya da amfani, kai ne ke aiki. Ni ma haka na ɗauka, kuma tsarin da na koya wa yarana ke nan. Sai ga shi an ci mu uku.

Bari in yi abin da na fi iyawa. A ce ɗan gaba yana cin mita 8 a daƙiƙa ɗaya, ɗan baya kuma mita 7. In tseren na mita 8 ne, ratar da za a ba shi mita 1 ce tak, miƙa ƙafa ko sa kafaɗa ya isa. In tseren ya kai mita 40, ratar ta zama mita 5, sai dai ya rakiya. Yanzu a ce ɗan bayan ya hango bugun kafin a yi shi, ya riga ya ja baya da mita 3. Kafin ɗan gaban ya kamo shi sai ya yi gudun mita 24, kuma kafin nan gola ya fito ko ɗan uwansa ya rufo. Ƙafar yaron ba ta canza ba a duk misalan nan. Tsawon filin da aka bari a bayansa ne ya canza, da kuma wanda ya riga tashi. Kada a manta babu satar gida in mutum yana cikin rabin filinsu lokacin da aka bugo masa. Cikakken fili mita 105 ne, don haka layin baya da ya hau har tsakiya ya bar sama da mita 50 a bayansa.

Wanda ya fi kowa shahara da tsaron yanki shi ne Arrigo Sacchi, kocin AC Milan da ya ci kofin zakarun Turai a 1989 da 1990, da su Baresi da Maldini da Costacurta da Tassotti a baya. Yana so kada tazarar da ke tsakanin 'yan bayansa da 'yan gabansa ta wuce mita 25. Mutane na tuna Baresi yana ɗaga hannu ana kama satar gida, amma suna manta dalilin da ya sa tarkon ke kamawa: duk wanda ya karɓi ƙwallo a cikin abokan hamayya, kafin ya ɗaga kai an rufe shi. Masu horarwa a Italiya suna da ƙa'ida a kan wannan. In ƙwallo a rufe take, wato akwai naku a gaban mai ita, layin baya ya matsa sama. In a buɗe take, mai ita ya ɗaga kai babu wanda ya takura masa, to kowa ya juya ya ja baya tun kafin a buga.

Mu 'yan Gana ai mun ga wannan da idonmu. Ranar 21 ga Yunin 2014 a Fortaleza, wasanmu da Jamus da aka tashi 2-2. Ƙwallon Asamoah Gyan a minti na 63, ku tuna yadda ta fara: Lahm ya yi sake a tsakiya, Sulley Muntari ya ƙwace, ya ɗaga kai babu kowa a gabansa, ya zura ta. 'Yan bayan Jamus suna sama, ba su samu ko damar juyawa ba. A tsakiyar bayan nan akwai Per Mertesacker, mai tsawon mita 1.98, wanda duniya ta san ba ya da gudu. Da suka haɗu da Aljeriya a zagaye na gaba, sai abin ya fito fili. Jamus na hawa sama, Aljeriya na jefa ƙwallo a baya, Slimani na bi, har Neuer ya koma kamar ɗan baya na biyar yana fitowa wajen da'irarsa yana sharewa. Da ƙyar suka sha da ci 2-1 bayan ƙarin lokaci. Wasan da ya biyo, da Faransa, Joachim Löw ya zaunar da Mertesacker, ya haɗa Hummels da Boateng. Duk mai cewa gudu ba komai ba ne, sai ya bayyana mana wannan.

Amma shi dai wannan Mertesacker ɗin, a wasan ƙarshe na kofin FA a 2017, bayan ya shafe kusan dukan kakar yana jinya, Arsenal ta sa shi a tsakiyar 'yan baya uku, Holding da Monreal a gefensa. Ya hana Diego Costa sakat a yawancin wasan, Arsenal ta ci Chelsea 2-1. Shekara uku ya ƙara a kan na 2014, gudun ma ya ragu. John Terry ma haka. A 2011, lokacin da Villas-Boas ya tura layin Chelsea sama, an sha ganin bayansa, har da ranar da Arsenal ta zuba musu 5-3 a gidansu. Da Mourinho ya dawo da layin ƙasa, Terry yana da shekara 34 ya buga kowane minti na wasanni 38 na Firimiya a kakar 2014-15, suka ɗauki kofi. Leicester ta 2016 kuwa, Wes Morgan da Robert Huth ne a baya, babu ɗan tsere a cikinsu, amma suna zaune kusa da golansu, Kanté na gabansu yana tsince komai.

Da na gama wannan tunanin, sai na ga wanda ya kamata a cire daga wasan nan na 3-0, ni ne. Na kalli talabijin na ce wa yara su hau har tsakiya su matse fili, ban koya wa 'yan gabana komai ba. In ƙwallo ta kuɓuce musu, tsayawa suke hannu a ƙugu suna zargin juna. Ɗan tsakiyar abokan wasanmu ya riƙa samun lokacin da zai tsayar da ƙwallo, ya duba, ya zaɓi inda zai jefa. Ga filin sakora, ƙasa tsura ba ciyawa, ƙwallo in ta dira sai ta ƙara wuta. Wallahi ko wa ka ajiye a wurin Tifa ranar sai ya sha wuya.

Mako biyu muka yi muna gyara. Na dawo da layin baya kusan mita 15. Na ɗauko wani ɗan siririn yaro mai gudu kamar barewa daga gefe na haɗa su a tsakiya: Tifa ya tari ƙwallon sama, shi kuma ya tsaya ɗan bayansa ya share abin da ya wuce. Golan na ce ya daina manne wa layinsa. Tifa kuma na ba shi aiki biyu. Na farko tsayuwa a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon gida, don ɗan baya mai nauyi a wajen juyawa ya fi yin asara. Na biyu, shi ne mai kira. In ya ga mai ƙwallo a buɗe ya yi ihu "Baya!", in an rufe shi ya ce "Sama!" Kwana uku na farko rikici ne kawai, rabi na hawa rabi na sauka. A rana ta huɗu ya zo ya ce, "Ticha, ashe ƙafar mai bugu zan riƙa kallo, ba yaron da ke kusa da ni ba." Na ce to ka gane.

Wasa na gaba mun ci 2-1. Ba zan ɓoye yadda aka ci mu ɗayar ba. Ɗan bayanmu na dama ya tafi kai hari bai dawo ba, dole Tifa ya fita gefe ya tari mai ƙwallo shi kaɗai a fili fetal. Yaron ya tura ta gaba ya wuce shi kamar an dasa shi. Tsaron yanki na rage yawan irin wannan haɗuwa, daga sau goma wataƙila zuwa sau biyu, amma biyun nan suna nan, kuma a cikinsu mai gudu ne ke da gaskiya. Akwai kuma kuɗin da muke biya: tun da muka ja baya, 'yan gabana sun yi nisa da sauran, ƙwallo ta fi zama a ƙafar abokan wasa, 'yan kallo na ƙorafin wasanmu ba daɗi. Abokin aikina da ya fara cewa a cire shi har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa ba, yana cewa ƙungiya guda na lanƙwasa saboda yaro ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa.

Ranar Juma'a da yamma za mu haɗu da makarantar da ta ci mu ukun, a zagayen kusa da na ƙarshe, kuma yaron nan nasu mai gudu yana nan. Na riga na rubuta sunayen. Tifa zai fara. Ɗan bayan dama kuwa na gaya masa, in ya tsallake layin tsakiya ko sau ɗaya ba da izini ba, shi zai wanke rigunan ƙungiya har ƙarshen zangon karatu.