RANAR 1 GA OKTOBA: RANA ƊAYA, MUTANE DA YAWA

Idan watan Oktoba ya kama, mu mutanen Beli da sauran ƙauyukan ƙasar Rogo da Ƙaraye ba mu da lokacin zama. Ruwa ya fara ɗaukewa, an kai gero gida, ana ciran gyaɗa, dawa kuwa ta fid da kai tana jiran sanyi. Maigida yana gyaran rumbu, uwargida tana shanya kuɓewa. A cikin wannan hidima ce ranar 1 ga wata takan zo. 'Yan makaranta su sami hutu, a ji jawabin shugaban ƙasa a rediyo, kashegari kowa ya koma gona.

Iyayenmu ba su saba riƙe ranar haihuwa da lamba ba. In ka tambayi dattijo shekarunsa, sai ya ce an haife shi shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, watau 1956. Wani ya ce ya yi aure shekarar da Naira ta fito, watau 1973. Samarinmu na yanzu kuwa, akwai wanda zai faɗa maka ranar haihuwar ɗan ƙwallon Turai ba gargada, amma bai san shekarun mahaifiyarsa ba. Saboda haka muka ga ya kyautu a wannan wata mu ɗauki rana ɗaya tak, mu duba abubuwan da suka faru a cikinta, domin manya da yara su sami abin taɗi bayan tuwon dare.

DAREN DA AKA SAUKE TUTA

Da tsakar daren da ya waye 1 ga Oktoba, 1960, jama'a suka cika filin sukuwa na Ikko. Aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga tutar kore da fari da kore. Wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi, wanda yake karatu a Landan a lokacin, shi ya zana ta. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Firayim Minista, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello kuwa Firimiyan Jihar Arewa. Bayan shekara 3, a ranar 1 ga Oktoba, 1963, Nijeriya ta zama jamhuriya, Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa.

Waɗanda suka yi murna a daren nan ba su san abin da ke gaba ba. Shekara 6 ba ta cika ba aka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna, a watan Janairu 1966. Daga 1967 zuwa 1970 aka yi yaƙin basasa. Samun mulkin kai kamar samun gonar gado ne. Ranar da aka ba ka ita akwai daɗi, amma noman yana nan gaba.

ALKAWARI DA CIKAWA

A jawabinsa na 1 ga Oktoba, 1974, Janar Yakubu Gowon ya gaya wa ƙasa cewa alkawarin da aka yi na mayar da mulki ga farar hula a 1976 ba zai yiwu ba. Mutane da yawa ba su ji daɗi ba. A ranar 29 ga Yuli, 1975, yana taron shugabannin Afirka a Kampala, sojoji suka hamɓarar da shi.

Shekara ta kewayo, 1 ga Oktoba, 1975, Janar Murtala Muhammed, mutumin Kano, ya tsai da rana. Ya ce soja za su miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979. Bai ga ranar ba, gama an kashe shi a Ikko ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Amma Janar Olusegun Obasanjo, wanda ya gaje shi, ya cika alkawarin. A ranar da aka ambata ɗin ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari. A ran nan kuma aka rantsar da Muhammadu Abubakar Rimi gwamnan Jihar Kano. Har wa yau, a ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro sababbin jihohi 6, cikinsu har da Zamfara da Gombe da Nasarawa.

Ku riƙe sunan Gowon a zuciya, za mu sake gamuwa da shi.

DAMBE A MANILA

Kaka lokacin dambe ne a ƙasar Hausa. To, a ranar da Murtala yake jawabinsa a 1975, can a Manila ta ƙasar Filifin an yi wani dambe wanda har yau ana labarinsa. Muhammad Ali ya kara da Joe Frazier, karonsu na 3. Damben Turawa turmi 15 ake yi a zamanin nan idan na kambun duniya ne. Suka yi ta dukan juna cikin zafi mai tsanani har turmi 14. Idanun Frazier suka kumbura, ba ya ganin hannun da ke zuwa. Ya so ya tashi ya shiga turmi na ƙarshe, amma mai horar da shi, Eddie Futch, ya hana shi. Aka ba Ali nasara, shi ma da ƙyar yake iya tsayuwa.

Duniya tana tunawa da Ali. Mu kuwa muna so yaranmu su tuna da Futch. Ya san yaronsa zai yi fushi da shi, ya san za a ce ya ba da gari, duk da haka ya fi son ya ga Frazier ya koma wurin iyalinsa da ransa. Kowane uba, kowace uwa, wata rana za su tsaya inda Futch ya tsaya.

Akwai kuma wani abu. Kafin damben, Ali ya yi ta yi wa Frazier ba'a da zagi a gaban jama'a don a cika ɗakin kallo. Kumburin fuska ya saɓe cikin 'yan makonni, amma zafin maganar ya zauna a zuciyar Frazier shekaru da yawa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Frazier ya rasu a 2011, Ali kuwa, yana fama da ciwon rawar jiki, ya je jana'izarsa. Shi ma ya rasu a 2016.

RANAR DA PELE YA AJIYE TAKALMI

Shekara 2 bayan wannan, 1 ga Oktoba, 1977, Pele na ƙasar Birazil ya buga wasansa na ƙarshe a Amurka, a gaban mutane sama da 70,000. Sau 3 yana cin kofin duniya da ƙasarsa, a 1958 da 1962 da 1970. An shirya wasan tsakanin ƙungiyoyi 2 da ya yi wa aiki, Cosmos ta Amurka da Santos ta gida. Ya buga rabin farko wa Cosmos, ya ci ƙwallo ɗaya, bayan hutu ya sauya riga ya buga wa Santos. Cosmos ta ci 2 da 1. Muhammad Ali yana wurin a ran nan. Da aka ba Pele dama ya yi magana, ya roƙi jama'a su kula da yara, ya kuma sa dukan filin suka ambaci kalmar ƙauna tare da shi sau 3.

Shekarunsa 36 a lokacin. A gonarmu, mai shekara 36 yanzu ƙarfinsa ya kawo. A filin ƙwallo kuwa ya riga ya tsufa. Samarinmu da ke mafarkin ƙwallo su lura da wannan. Wasa abu ne mai kyau, yana gina jiki, yana koya wa yaro aiki tare da 'yan'uwa. Amma kada a jefar da littafi da fartanya saboda shi.

YARON UNGUWAR TALAKAWA

A ranar 1 ga Oktoba, 1966, aka haifi George Weah a Monrobiya, babban birnin Laberiya. Kakarsa ce ta goye shi a wata unguwar talakawa. Ƙwallo ta kai shi Kamaru, daga can Faransa, daga can Italiya. A 1995 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya sami lambar da ake kira Ballon d'Or. A watan Janairu 2018 ya zama shugaban ƙasarsa.

Mutanen Laberiya sun sha bamban a kan yadda ya yi mulki. Amma a watan Nuwamba 2023, da ya ga Joseph Boakai ya sha gabansa da ƙuri'u kaɗan, bai jira an matsa masa ba. Ya amsa kaye, ya taya abokin hamayyarsa murna. A ƙasar da ta sha yaƙin basasa shekara da shekaru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai yiwuwa a filin wasa ya koyi cewa idan alƙali ya busa tashi, an tashi ke nan.

MANOMIN GYAƊA DA KURKUNU

Mun bar wannan a ƙarshe domin shi ya fi kusa da mu. An haifi Jimmy Carter ranar 1 ga Oktoba, 1924, a wani ƙaramin gari mai suna Plains a Amurka. Manomin gyaɗa ne, ɗan ikkilisiyar Baftis. Ya yi shugabancin Amurka daga 1977 zuwa 1981, ya kuma ziyarci Ikko a 1978. A zaɓen 1980 ya sha kaye ƙwarai. Ya koma garinsu, ya ci gaba da koyarwa a Makarantar Lahadi har cikin tsufansa.

Dattawanmu sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki ko na kududdufi mai ɗauke da ƙananan ƙwari waɗanda ido ba ya cika gani, a cikinsu kuwa akwai 'ya'yan tsutsar. Bayan kamar shekara guda sai ƙafa ta yi bororo, tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta fara fitowa. Ba allura, ba ƙwaya. Sai dai a naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan, makonni ana fama. Zafi ya sa mai ciwon ya tsoma ƙafa a tafki, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, shekara mai zuwa wasu su kamu. Sau da yawa kuma a tsakiyar aikin gona take kwantar da mutum, gona ta mutu a ciyawa, rumbu ya kwana wofi.

A 1986 cibiyar da Carter ya kafa ta ɗauki yaƙi da wannan cuta. A lokacin an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa a shekara a Afirka da Asiya. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta sami sama da mutum 650,000, ba ƙasar da ta kai mu. Makamin yaƙin kuwa ba wani abin mamaki ba ne: a tace ruwa da ƙyalle, a hana mai ciwo shiga tafki, a haƙa rijiya, a sa wani a kowane ƙauye ya riƙa kai rahoto.

A nan ne Janar Gowon, ɗan mai bishara wanda ya tashi a Wusasa ta Zariya, ya sake fitowa. Ya haɗa hannu da Carter, ya riƙa shiga ƙauyukan da cutar take, yana roƙon gwamnoni da sarakuna su samar da ruwa mai kyau. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya an same shi a 2008. A watan Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasarmu ta rabu da kurkunu. A 2024, waɗanda aka samu da ita a duniya duka ba su kai 20 ba.

Ga mutum biyu, ɗaya an kayar da shi da ƙuri'a, ɗaya da bindiga. Da sun ga dama da sun zauna suna ƙunci har mutuwa. Amma aikin da suka yi bayan sun sauka ya sa yaranmu yau ba su san kurkunu ba sai a bakin kakanni. Carter ya cika shekara 100 ranar 1 ga Oktoba, 2024, ya rasu ranar 29 ga Disamba na shekarar. Pele ma ranar 29 ga Disamba ya rasu, a 2022.

ABIN DA ZA MU KAI GIDA

Ya ku masu karatu, mun lura cewa kusan dukan labaran nan a kan sauka suke. Wani ya sauka da kansa, wani aka sauke shi, wani ya jinkirta har aka ture shi. Wannan ba maganar manyan duniya kaɗai ba ce. Akwai maigidan da 'ya'yansa sun yi furfura amma bai yanka wa ko ɗaya gayauna ba, har suka gaji suka tafi birni. Akwai dattijon ikkilisiya ko shugabar zumuntar mata da suka shekara 20 a kujera ba su koya wa kowa aikin ba. Akwai wa da ƙane da ba sa gaisawa saboda wata magana da aka faɗa a kan iyakar gona tun 'ya'yansu ba su yi wayo ba.

Muna ba kowane gida shawara, a daren 1 ga Oktoba a taru a karanta Zabura ta 90, wadda take tuna mana gajartar kwanakinmu, da misalin da Ubangijinmu Yesu ya bayar a Luka sura 12 na mai arzikin da ya shirya faɗaɗa rumbunansa bai san a daren nan za a karɓi ransa ba. A yi addu'a domin shugabanni, tun daga mai unguwa har shugaban ƙasa, yadda Manzo Bulus ya umarci Timoti. A sa maƙwabtanmu Musulmi a cikin addu'ar, gama ƙasa ɗaya muke, rijiya ɗaya muke sha.

Sa'an nan a ɗauko Littafi Mai Tsarki na gida, a buɗe farin shafin da ke gaba, a ba yaron da ya fi iya rubutu alƙalami. Ya rubuta sunan kowa da ranar haihuwarsa. Wanda ba a san ranarsa ba, a tambayi kaka abin da ya faru a shekarar, a rubuta shi yadda ta faɗa. Wata rana jikoki za su nema.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya koya mana yin aiki da aminci, da sauka da salama idan lokaci ya yi. Amin.