Ruɓa ake nufi, ba toshiya kaɗai ba

Tun watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado ta garƙame rumbunan abinci a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, nake jin tambaya ɗaya a majalisun unguwar Kwaciri: mutum ya sayi hatsinsa ya ajiye, wa ya ba toshiya da har masu farautar cin hanci za su taɓa shi?

Wannan tambaya tana damuna, kuma fassararmu ce ta jawo ta. Kalmar Turanci da ke cikin sunan hukumar, wato "corruption", mun ɗaure ta da "cin hanci da rashawa" kamar akuya a turke. Alhali tushenta Latin ne, daga "rumpere", wato karyawa. Da ta shiga Turanci a ƙarni na 14, har ruɓewar gawa ake kira da ita, kafin ta fi zama a kan lalacewar hali da ta masu riƙe da amana.

A je kasuwar Yankura da hantsi a leƙa kwandon tumatir. Na sama jajir, sai sheƙi. A cusa hannu ƙasa, a ji ruwa mai ɗumi da tsami, ɗaya ya fashe ya shafa wa goma. Ba wanda ya miƙa wa kowa ko sisi, amma kwando ya tashi aiki. Haka zago yake yi wa jigon rumfa. Mudun da aka bubbuga gindinsa, man ja da aka yi wa algus, ɗan'uwan da aka ɗauka aiki don sunan mahaifinsa, duk wannan ruɓar ce.

Ita "rashawa" daga Larabci muka aro, kuma malaman lugga suna danganta ta da igiyar guga, abin da kake zurawa ka kai ga ruwan da hannunka bai isa ba. Kalma ce mai kyau, sai dai kusurwa ɗaya ta kama. Muna da "ɓarna", muna da "fasadi", jami'ai ba sa son su a jawabi, don sun fi faɗi, suna iya rufawa har da mai jawabin.

Mu ma da ke zagin na Abuja a teburin mai shayi, da yawanmu da safe za mu buɗe shago a Sabon Gari, mu jera masu kyau a sama.