Rabon Gado a Abuja: Wace Doka Ke Aiki Idan Mai Dukiya Ya Rasu?

A unguwar Utako da ke Abuja, inda kasuwa da tashoshin mota ke haɗa Bahaushe da Inyamuri da Bayarabe da Bagware a kan sana'a ɗaya, a nan ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Al'ada ta Babban Birnin Tarayya take. Tana daga cikin kotunan da rigimar gado ke iya kaiwa gare su. Idan ɗan kasuwa ya rasu ya bar shago da fili da kuɗi a banki, tambayar farko da ke gaban iyalinsa ita ce wace doka za ta raba dukiyar, domin a Abuja dokoki iri uku ne ke aiki kafaɗa da kafaɗa.

Ƙofofi uku

Ta farko ita ce shari'ar Musulunci. Sashe na 262 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Abuja hurumi a kan wakafi da kyauta da wasiyya da gado, muddin mamacin Musulmi ne. Ana fara irin wannan shari'a a kotunan yanki. Tsarin a bayyane yake: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, sannan a raba abin da ya rage ga magada. Mata na samun tumuni idan mijin ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba.

Ta biyu ita ce dokar al'ada, wadda ta bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila. Sai dai kotu ta sa mata iyaka. A 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta yanke cewa al'adar Igbo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya haramta nuna bambanci. A shekarar ne kuma, a shari'ar Anekwe da Nweke, ta yi tir da al'adar korar bazawara daga gidan mijinta don ba ta haifi ɗa namiji ba.

Ta uku ita ce rubutacciyar doka, wadda Babbar Kotun Abuja ke aiki da ita ta sashenta na tabbatar da wasiyya. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda Najeriya ta gada, ta shar'anta cewa wasiyya ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu a lokaci guda. Shaidan da aka yi wa kyauta a cikinta kan rasa kyautar.

Inda dokokin ke karo

Matsala kan taso ne idan Musulmi ya rubuta wasiyya bisa tsarin Turawa. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan wasiyya duk da cewa ba ta dace da rabon Musulunci ba. Daga baya wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka yi dokokinsu na wasiyya da suka kiyaye ƙa'idar Musulunci, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi aiki da ta Kwara a shari'ar Ajibaiye. Don haka ne lauyoyi ke shawartar Musulmin da ke zaune a Abuja ya bayyana ƙarara a takardarsa cewa bisa shari'ar Musulunci yake son a raba dukiyarsa, ya ambaci wasiyyinsa, ya kuma lissafa kadarorinsa da basussukansa.

Sunan da aka cike a fom

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar wanda aka rubuta sunansa a fom na banki ko na ofis a matsayin makusanci, a ce shi ne magaji. A doka, wannan mutum ne da za a tuntuɓa, ba mai dukiyar ba. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo takardar kotu: ta tabbatar da wasiyya idan ya bar ta, ko ta izinin gudanar da dukiya idan bai bari ba. Haka lamarin yake ga kuɗin fansho a ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014.

Neman takardar izini na buƙatar shaidar rasuwa, jerin kadarori, masu tsayawa, sanarwa a jarida domin mai ƙorafi ya fito, da kuma biyan wani kaso na ƙimar dukiyar. Idan 'yan'uwa suka saɓa a kan wanda zai karɓa, aikin kan tsaya cik, marayu na jiran kuɗin makaranta alhali na mahaifinsu na ajiye. Jinkirin ma yana da nasa sakamakon: Dokar Kuɗi ta 2020 ta kafa asusun da ake mayar da ribar hannun jari da ta kai shekara 6 ba a karɓa ba, ko da yake magada na da damar nemanta.

Fili kuwa yana da nasa sha'anin. Ƙasar Babban Birnin Tarayya tana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma sauya sunan mai takardar mallaka na bi ta ofishin AGIS. Wanda ya sayi fili bai mayar da takardar zuwa sunansa ba, ya bar wa magadansa aiki biyu.

Amana da wakafi

Saboda waɗannan wahalhalu, masu hali sun fara karkata ga kafa amana tun suna raye. Mutum kan miƙa kadara ga amintacce, ko ga kamfanin riƙon amana mai rajista da Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, tare da sharuɗɗan yadda za a ciyar da 'ya'ya ko a biya karatunsu. Kadarar da ta shiga amana ta fita daga cikin abin da za a jira kotu a kai. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Musulmi, domin wakafi ya daɗe yana yin makamancin aikin, kuma jihohi irin su Sakkwato da Zamfara na da hukumomin zakka da wakafi. Malamai dai na gargaɗin kada a mayar da kyauta ko amana dabarar hana wani magaji rabonsa.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ba zai iya biyan kamfani ba, abin da ke hannunsa shi ne ya rubuta abin da ya mallaka, da wanda yake bi da wanda ke bin sa, ya tara takardun fili da na banki wuri guda, ya kuma sanar da iyalinsa inda suke.