Hanyar Rumawa da hanyar fatake ta Tasawa

A watan Janairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, ya sauka a Tasawa tare da ayarin gishirin Abzinawa. Daga Tarabulus ya taso a 1850, ya bi ta Murzuk da Gat da duwatsun Abzin, ya gangaro Damargu. A farkon tafiyar ya yi ta wuce kaburbura da ƙofofin dutse da Rumawa suka bari a ƙasar da yau ake kira Libiya. Da ya nutsa kudu sai gine-ginen suka ƙare, amma hanya ba ta ƙare ba.

Rumawa gwanayen hanya ne, wannan ba gardama. A shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa suka fara shimfiɗa Via Appia daga birnin Rum zuwa Kapuwa, kuma har yau ana taka wasu sassanta. Sukan haƙa ƙasa, su jera manyan duwatsu a ƙasa, su zuba tsakuwa, su rufe da faffaɗan dutse, tsakiya ta ɗan yi tudu don ruwan sama ya gangara cikin lambatu a gefe. Hanyoyin da suka shimfiɗa da dutse sun kai kimanin kilomita 80,000. A kowane mil nasu, wato kusan kilomita ɗaya da rabi, akwai ginshiƙi mai nuna nisa, sau da yawa har da sunan sarkin da ya yi aikin ko ya gyara. Sarki Agustus ya kafa tsarin aike na gwamnati, da wuraren sauya dawaki da masaukan kwana, ta yadda manzo kan ci kilomita 70 ko fiye a yini. Sai dai don soja da jakada aka yi wannan gata. Talaka da ƙafa yake tafiya, ko a kan alfadari, ko cikin keken shanu mai jijjiga ƙashi.

Rumawa sun taɓa leƙo Sahara. Kwamandansu Balbus ya kai yaƙi Garama a Fezzan wajen shekara ta 19 kafin Annabi Isa, daga baya suka gina sansanoni a Gadamas da Bu Njem. A nan ƙarfinsu ya tsaya.

Hanyar da ta ratsa Tasawa ba a aza mata dutse ko ɗaya ba. Rijiyoyi ne suka zana ta. Daga wannan rijiya zuwa waccan, daga wannan zango zuwa na gaba, haka fatake suka san nisa, kuma lissafinsu da kwana ne, ba da mil ba. Madugu shi ne shugaban ayari: shi ke yanke lokacin tashi, shi ke zuwa gaban sarakunan hanya da gaisuwa, shi ke daidaita kuɗin fito. Jagaba na gaba yana duba hanya. A zango kuwa akwai mai masauki, akwai dillali, akwai mata masu fura da tuwo, akwai masu sayar da harawa. Abin da Rumawa suka ɗora wa baitulmali, a nan ’yan kasuwa ne suka ɗauke shi da kansu, kuma ya yi aiki ɗaruruwan shekaru. Wanda ke raina wannan tsari don bai bar kufai na dutse ba, bai yi masa adalci ba.

Raƙuma na saukowa da kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da turkuɗi da kayan fata. Bayi ma suna cikin abin da aka kora arewa ta wannan hanya, kuma bai kamata a ɓoye ba. Haɗari kuwa bai tsaya a hamada ba. A zamanin Barth, tsakanin garin Gazawa da Katsina daji ne da yaƙin Katsinawan Maraɗi da masu mulkin Katsina ya mayar kufai, har Barth ya wuce kangon garin Ɗankama kafin ya shiga Katsina, ya isa Kano a farkon Fabrairu.

Jirgin ƙasa ne ya karya wannan ciniki. Da dogo ya iso Kano a 1911, kaya suka juya zuwa teku, ga kuma iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin Tasawa da Katsina. Babbar hanyar kwalta ta yau, wadda ta taso daga Yamai ta bi Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram, gabas da yamma ta miƙe, ta gitta tsohuwar hanyar arewa da kudu.

Duk da haka, a ƙasar Mayahi, inda Gulbin Kaba ya ratsa, ƙauyuka da dama har yanzu turbar rairayi ce ke haɗa su da kasuwa, ta amalanke da jaki da kabu-kabu. Bayan kaka kuma Buzaye na saukowa kudu da gishiri su sayi hatsi, raƙumansu su ci karan gonaki su bar wa manomi taki.