Wardin Da Ya Ƙi Fure: A Ci Gaba Da Ban-Ruwa Ko A Tumbuke Shi?

Duk ɗan kasuwar da Allah ya hore wa ya gina gida a Maraɗi, Ƙonni, Gaya ko Garwa, ya san cewa bayan an gama fenti an kafa ƙyaure, abin da ke biyo baya shi ne neman abin da zai ƙawata tsakar gida. A nan ne masu sayar da dashen furanni na bakin titi suke samun ciniki, kuma a cikin hajarsu babu abin da ya kai wardi jan ido. Mutum zai gan shi cikin baƙar leda, ɗan ƙarami da shi amma ɗauke da fure ja jawur, sai ya sayi uku ko biyar ya ɗora a bayan mota. Bayan shekara biyu kuwa, abin da ake tararwa a gidaje da dama shi ne sanduna masu ƙaya da ganye rawaya, ga kuɗin ruwa ana ta biya.

Mai karatu ya fi kowa sanin cewa kayan da suka yi kwantai a rumfa ba zaman banza suke yi ba, suna cinye wuri, suna riƙe jari. Haka shuka take a tsakar gida. Mu ƙaddara mutum yana da wardi biyar, kowanne yana shan bokiti mai lita 10 sau uku a mako a lokacin bazara. A wata guda ya zuba lita 600 ke nan, wato jarka 30 irin ta 'yan ga-ruwa. Idan itacen yana biyan wannan ɗawainiya da fure da ƙamshi, to madalla. Idan kuwa ba ya biya, ya kamata maigida ya zauna ya yi lissafi, kamar yadda yake yi wa kowace haja.

Me Ya Sa Wardi Ke Wahala A Ƙasarmu?

Galibin wardin da ake sayarwa a yau jikokin wani iri ne da aka haɗa a Turai. Masana na ƙirga farkonsa daga shekarar 1867, lokacin da wani manomin furanni a birnin Liyon na Faransa, Jean-Baptiste Guillot, ya fito da irin da ya sa wa suna La France. Wannan zuri'a tana jin daɗin yanayi mai sanyi-sanyi, wanda ma'aunin zafinsa bai wuce digiri 15 zuwa 28 ba. A Yamai da Damagaram kuwa, a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, saboda haka furen kan ƙanƙance, ya ƙone tun bai gama buɗewa ba.

Idan aka duba wuraren da wardi ya yi suna a ƙasashen zafi, za a ga da yawansu tuddai ne. Gonakin Naibasha na Kenya, waɗanda ke aika fure zuwa kasuwannin Turai, suna bisa tsayin kusan mita 1,900 daga teku. Alhazai da masu fataucin turare sun san wardin Ɗa'ifa a Saudiyya, wanda ake tsinka da sassafe a watannin Maris da Afrilu, ake tatsar mai da ruwan wardi daga gare shi; shi ma garin yana kan dutse mai tsayin fiye da mita 1,800, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun noman wardinsa cikin jerin kayan gadon duniya. A kusa da mu, Jos da Ngaundare, masu tsayin fiye da mita 1,000, su ne ke da irin wannan sa'a. Yamai kuwa ba ta wuce mita 200 da 'yan kai ba. Don haka dashen da ya yi ƙiba a kan tudu, idan aka sauko da shi kwari, dole ya ji jiki.

A Bincika Kafin A Yanke Hukunci

Duk da haka, ba a yanke wa wardi hukunci a watan Afrilu, domin a lokacin ko mai lafiya ma a galabaice yake. Lokacin furensa a yankinmu shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ya shekara biyu ko uku, ya ga sanyi biyu ana ba shi ruwa da taki amma bai yi abin kirki ba, shi ne ya cancanci a tuhume shi.

Akwai matsalolin da suke da magani. Wardi na buƙatar hasken rana na kimanin sa'o'i shida, kuma a wajenmu ya fi son hantsi da ranar safe, ya samu inuwa da azahar. Wanda aka dasa a gindin katangar da ke fuskantar yamma yana shan zafi biyu, na rana da na siminti. Idan ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suna kore, sau da yawa alama ce ta cewa ƙasar tana da ɓaraguzan siminti ko farar ƙasa da magina suka binne, abin da ke hana saiwa zuƙo sinadarin ƙarfe. Irin wannan yana yawan faruwa a sabbin gidaje. Idan kuma bakin ganyen ne ke ƙonewa, a ɗanɗana ruwan rijiyar, wataƙila zartsi ne. A waɗannan halaye, sauya wa itacen wuri a lokacin sanyi na iya ceto shi.

Amma akwai alamun da ke nuna cewa magana ta ƙare. Ta farko ita ce mutuwar aure. Yawancin wardin kasuwa ɗan aure ne, kamar mangwaro: ana ɗora idon iri mai kyan fure a kan gindin wani wardi mai taurin rai. Idan zafi ko gara suka kashe na saman, sai na ƙasan ya tofo da dogayen rassa masu saurin girma, daga ƙarƙashin kumburin da ke wurin haɗin. Maigida sai ya yi murna yana cewa shukarsa ta farfaɗo, alhali abin da ya saya ya daɗe da mutuwa, wanda yake shayarwa kuwa ba zai taɓa ba shi furen da ya gani ranar ciniki ba.

Alama ta biyu ita ce wani ƙululu mai kaushi kamar tsiro a gindin itacen, daidai da fuskar ƙasa. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a cikin ƙasa take haddasa shi, kuma ba shi da magani. Ta uku, idan kowace damina baƙaƙen ɗigo suna cika ganyen har ya zube ƙaf, duk da an daina jiƙa ganye wajen ban-ruwa, to irin ne ba ya jure wa cutar. Ta huɗu, idan gara ta rarake gindin har yana girgiza a hannu. Sai kuma wanda yake kan hanyar yara, yana yaga musu fata da tufafi, ba tare da ya ba gidan komai ba.

Yadda Ake Tumbukewa

Aikin ya fi sauƙi bayan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi. Wanda ba zai jira damina ba, sai ya jiƙa gindin sosai tun daren jiya. A tanadi adda mai kaifi ko almakashin yanke reshe, da diga, da shebur, da safar hannu ta fata, a kuma sa riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe. Wannan ba tsoro ba ne, domin sukar ƙaya a wurin da aka zuba takin dabbobi na iya buɗe ƙofa ga cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos. Wanda ƙaya ta shige shi da zurfi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je asibiti a duba batun allurarsa.

Da farko a sassare rassan gunduwa-gunduwa, a bar kututture daidai gwiwa domin ya zama abin riƙo. Daga nan a haƙa rami a kewaye, nesa da gindin da kamar kamu ɗaya, wato santimita 40 zuwa 50, a yi ƙasa da shi ana datse manyan saiwoyi. Idan an kai zurfin kamu guda, sai a cusa shebur ta ƙarƙashi a ɗaga, ana jijjiga kututturen har ya saki. Kada a fizge shi da ƙarfi ko a ɗaure shi a jikin babur, domin saiwar za ta katse a ciki. Kuma ka san halin gindin aure, guntun saiwa mai kaurin yatsa ya isa ya sake tofowa bayan 'yan watanni. Don haka a tsince su tas, a kuma duba kada diga ta fasa bututun ruwa.

Rassan da aka sare kada a jefa su a lungu ko kusa da turken dabbobi, inda masu tafiya ba takalmi za su taka. A bar su su bushe a wuri guda a ƙone su, musamman idan cuta ce ta kashe itacen. Kayan aikin kuma a wanke su da ruwan bilic kafin a taɓa wata shuka da su.

Kada A Mayar Da Wardi A Ramin Wardi

A nan ne mutane da yawa ke yin asara ta biyu. Masu lambu a Turai sun daɗe da lura cewa sabon wardi da aka dasa a gurbin tsoho yakan tsumbure, saboda ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani da wasu ƙwayoyin cuta da suka taru a wurin a zamanin na farko. Wanda ya nace sai wardi a wannan gurbi, dole ya kwashe ƙasar, faɗin santimita 60 da zurfin aƙalla 30, ya cika da sabuwa daga inda ba a taɓa dasa wardi ba. Akwai kuma dabarar da ta dace da yanayinmu: a jiƙa ƙasar a lokacin bazara, a rufe ta da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunanta, a bar ta mako huɗu zuwa shida rana ta gasa ta. Tunkuzar 'ya'yan dogon yaro, wato darbejiya, ita ma tana rage waɗannan tsutsotsi idan aka cuɗa ta da ƙasa.

Me Za A Dasa A Gurbinsa?

Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mai son fure yana da kariya, itacen dajinmu mai kumburarren gindi, wadda Faransawa suke kira wardin hamada. Tana fitar da fure mai ruwan hoda a tsakiyar rani da ɗan ruwa kaɗan, sai dai ƙaronta guba ne, don haka a nisanta ta daga yara da awaki. Mai son ƙamshi yana da lalle, wanda farin furensa ke cika gida da daddare, ga ganyen kuma uwargida ba za ta saya a kasuwa ba. Rumman yana jure zafi, yana yin jan fure, ya kuma ba da 'ya'ya. Zogale da lemun tsami kuwa, tukunya ce ke shaidarsu.

Wanda har yanzu zuciyarsa ke kan wardi, ya saya a farkon sanyi, ya tambayi mai sayarwa ko a garin aka raini dashen ko daga tudu aka kawo shi, ya duba wurin auren da gindin kamar yadda yake duba dila kafin ya biya. Zai fi masa alheri ya fara da guda ɗaya ko biyu a cikin babbar tukunyar ƙasa, wadda za a iya ja zuwa inuwa idan bazara ta kama. Idan sun kai sanyin baɗi da rai da fure, sai ya ƙara.