Mabuɗin Coci a Hannun Musulmi

A cikin tsohon birnin Ƙudus, bayan ganuwar da Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ya gina tsakanin 1537 da 1541, akwai Cocin Kabari Mai Tsarki. Yawancin Kiristoci sun yi imani a nan aka gicciye Yesu, a nan aka binne shi, a nan ya tashi. Duk duniya ba su da wurin da ya fi wannan daraja. Amma mabuɗin ƙofarsa yana hannun Musulmi.

Gidaje biyu ne ke riƙe da amanar. Zuriyar Judeh ke ajiye mabuɗin, zuriyar Nusaiba ke buɗewa da rufewa. Mabuɗin na ƙarfe ne, tsawonsa wajen santimita 30. Tun kafin gari ya waye ake kawo shi. Daga ciki sai wani malamin coci ya turo ɗan tsani ta wata 'yar taga da ke jikin ƙofar, mai buɗewa ya hau ya kai ga makullin sama, sannan a ture katafaren ƙyauren.

Me ya kawo haka? Ɗarikun Kirista shida ne ke tarayya a cocin: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habashawa da Siriyawa. Kowa na kishin kusurwarsa, har shara takan zama abin rigima, domin wanda ya share wuri yana iya cewa nasa ne. Ana cewa ba a yarda ɗaya ya riƙe ƙofa ba, shi ya sa aka bar ta a hannun wanda ba ya cikin rabon. A ganina wannan hukunci ne na masu hankali ƙwarai.

Tushen amincin ya daɗe. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya karɓi birnin wajen shekara ta 638, babban limamin Kirista Sofroniyus ya ba shi wuri ya yi salla a cikin cocin. Umar ya ƙi, don gudun kada Musulmi su mayar da shi masallaci bayansa. Ya fita waje ya yi sallarsa. Yau masallaci mai sunansa na fuskantar harabar cocin.

Gidan Judeh na danganta riƙon mabuɗin da zamanin Salahuddin, wanda ya karɓi Ƙudus a 1187. Turkawa sun mulki birnin sun tafi, Ingila ta zo ta tafi, Jordan ta riƙe shi, Isra'ila ta mamaye shi a 1967. Duk cikin wannan, uba na miƙa wa ɗa mabuɗin.